Yadda Malaman Arewa Suka Sami Baki

Duk wanda ya bi ta Nassarawa a Kano ya ga Gidan Ɗan Hausa, to, ya ga inda aikinmu ya tsiro. A nan ne Bature Hans Vischer ya buɗe makarantar Gwamnati ta fari a Arewa cikin 1909, ya fara da malamai masu ilmin Arabiyya, ya koya musu boko don su ma su koyar. Tun daga ran nan har kusan shekara arba'in, malamin makaranta a ƙasarmu ba shi da inda zai kai kuka. En'e ke ɗaukarsa, ita ke biyansa, ita ke sallamarsa in ta ga dama. Abin da zai karantar kuwa Turawan ilmi ke tsarawa. Nasa dai ya ce to.

Mutanen Kudu sun riga mu farkawa. Cikin 1931 malaman Ikko da na Abeokuta da Ijebu suka gama jam'iyyunsu wuri guda, watau NUT, suka naɗa Ransome-Kuti shugaba. Ku dubi inda abin ya kai shi. Da Ingila ta kafa kwamitin Elliot a 1943 don ya bincika ilmi mai zurfi a Afirka ta Yamma, yana cikin baƙar fata uku da aka sa, kuma daga shawarar kwamitin nan aka buɗe babbar kwalejin Badun a 1948.

A shekaran nan ne mu ma muka motsa. Malam Aminu Kano, malamin Midil ta Bauchi, ya tafi karatu Landan a 1946, can ya fara haɗa kan 'yan'uwansa malaman Arewa. Da ya komo aka kafa Jam'iyyar Malaman Arewa, shi ne babban sakatare. Kukansu albashi ne da gyaran karatu, amma a ganinmu abin da ya fi waɗannan girma shi ne ma'aikacin En'e ya tsaya ya yi magana da bakin jama'a. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce a zamanin da talaka ke tuɓe takalmi tun daga nesa.

Sai dai siyasa ta kwashe mata mazaje. Malam Aminu kansa ya bar koyarwa a Maru cikin 1950, ya rungumi NEPU. Ga Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna, dukansu alli suka ajiye suka hau mulki, ko da ya ke ba mu ce hawansu ya share wa malamin ƙauye hawaye ba.

Cikin 1972 ta Arewa ta haɗe da NUT. Bayan doguwar jayayya da Gwamnati aka yi dokar 1993 wadda ta kafa hukumar rajistar malamai, don koyarwa ta zama sana'a mai ƙa'ida kamar aikin likita. Takardar hukuman nan ce za a tambaye mu ran da muka fita neman aji.