Doki da Jinyar Matasa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A binciken da aka yi a 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, an gano cewa mutum miliyan 14.3 daga cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Tabar wiwi ce kan gaba, sai ƙwayoyi irin su taramadol, sai maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayu na 2018. Birnin Jos yana da nasa ƙarin nauyi. Samarinsa na yau sun tashi a cikin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, wasunsu kuwa sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Firgici da rashin barci da saurin fushi sukan bi mutum shekara da shekaru, sau da yawa kuma su ne ke kai shi ga ƙwaya.

Babbar wahalar jinyar irin waɗannan matasa ita ce riƙe su. Saurayi yakan yarda a kai shi asibiti, ya yi mako biyu, sa'an nan ya gudu. Wani kuwa ko za a kwana ana tambayarsa ba zai buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa ba. A nan ne wasu ƙasashe suka ga doki yana da amfani.

Asalin Al'amarin

A 1944 cutar shan inna ta kama wata mahayiya 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel, ta shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta koma kan doki da ƙyar, har ta zo ta biyu a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki. Labarinta ya sa likitoci suka mai da hankali. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki domin naƙasassu a Ingila da Amurka. Daga baya ne masu jinyar ƙwaƙwalwa suka shigo, su kuma ba hawan ne ya fi damunsu ba. Yawancin aikinsu a ƙasa ake yinsa: sharar barga, da wanke doki, da ba shi dusa da harawa, da jan sa da ragama.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa kiwon doki. Dabba ce mai tsoro, kullum tana lura da motsin wanda ya tunkaro ta. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sussex ta Ingila a 2016, an nuna wa dawakai hotunan fuskokin mutane, sai aka ga bugun zuciyarsu yana ƙaruwa da sauri idan fuskar ta mai fushi ce. Saurayin da ya shigo barga a fusace zai ga doki ya kwantar da kunnuwa ya ja da baya. In ya sassauta murya ya daidaita numfashi, sai dokin ya matso. Ma'aikacin jinya yana tsaye a gefe, daga nan ne yake samun ƙofar magana: me ya ɓata maka rai yau, me ka yi har ya yarda da kai? Doki bai san tarihin yaro ba, ba ya kuma yi masa gori. Ga wanda unguwa ta riga ta sa wa suna ɗan ƙwaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka akwai horon lokaci, domin doki ba ya jiran wanda ya makara. Da asuba yake son abincinsa da ruwansa.

Iyakar Amfaninsa

Wajibi ne jama'a su fahimci cewa doki ba magani ba ne. A Asibitin Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, inda aka haɗa aikin barga da jinyar matasa masu shaye-shaye, binciken farko ya nuna waɗanda suka shiga shirin sun fi daɗewa a jinya, sun kuma fi kammala ta. Amma da aka sake gwaji mai tsauri da mutane kaɗan, ba a ga bambanci mai ƙarfi ba. Hujjar da ke hannu ke nan: abin yana taimakawa wajen jawo matashi da riƙe shi, amma ba a tabbatar yana warkar da wata cuta shi kaɗai ba. Wanda yake jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, ko jikinsa yake rawa domin ya daina ƙwaya, likita yake bukata nan take. Duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a koma barga, to, a guje shi.

Abin da Jos Take da Shi

Doki ba baƙo ba ne a wannan tudu. Tsawonsa ya kai wajen mita 1,200, sanyinsa kuma ya rage ƙudan tsando mai kawo sammore. Tun kafin zuwan Turawa, Birom da Ron da Mwaghavul suna kiwon ƙuru, suna hawansa ba sirdi zuwa farauta da yaƙi, har yau kuma mahaya sukan fito a bikin Nzem Berom. Akwai kulob ɗin folo na Jos da bargoginsa da masu kula da su. A Vom akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tun 1924, da kwalejin tarayya mai horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos kuwa yana da sashen masu taɓin hankali. Ba kowane birni ne ya tara waɗannan a wuri guda ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaura su da igiya ɗaya.

Irin wannan haɗin kai ma ba sabo ba ne a Nijeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa. Da safe su je asibiti, da yamma su koma cikin jama'a. Duniya ta yi koyi da wannan tsari. Akasinsa shi ne abin da aka gani a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, wasu da sasari a ƙafa. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu can ne domin ba su ga wata hanya ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a yi masa jinya cikin mutunci.

Duk unguwa ko ƙungiyar da ke son gwada wannan hanya, sai ta fara da asibiti. Likita ne zai duba matashi ya ce ya dace ko bai dace ba, ma'aikacin jinya kuma ya kasance a wurin duk ranar da za a shiga barga. Mai doki ya zaɓi dabba mai sanyin hali wadda ta manyanta. Ingarma mai ƙarfin kai da goɗiya mai shayarwa ba na wannan aiki ba ne. Likitan dabbobi ya riƙa duba ta, kada a gajiyar da ita, kada a doke ta. Ba a barin wanda yake cikin maye ya kusanci doki, ba a tsayawa ta bayansa, ba a kuma hawa sai da hular kwano. Masu unguwa da limamai da fastoci su ne za su shawo kan iyaye, musamman game da 'yan mata, domin binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya mace ce, amma kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa jinya. A kuma tsai da maganar kuɗin dusa da harawa da kanwa tun kafin a kira yaro na farko, domin a watannin rani ciyawa tsada take yi, shirin da ya tsaya a tsakiya kuwa yakan mai da matashi inda ya fito.