Darasin Wannan Wata: Ruwan Gonarmu Daga Teku Yake Zuwa

Gabatarwa

A nan Unguwar Shanu, cikin garin Kaduna, idan hadari ya haɗu da yamma, mata kan ruga su kwashe shanya, yara su shigar da awaki, kowa idonsa na gabas. Haka yake a ƙauyukanmu. Amma teku, inda yawancin ruwan yake fitowa, tana kudu maso yamma da mu, fiye da kilomita 600 idan aka auna zuwa Legas. To, yaya ruwan kudu yake zuwa mana ta gabas? Wannan darasi zai amsa tambayar, ya kuma nuna abin da ya sa sanin amsar zai iya ceton irinmu, rufin ɗakunanmu, har da rayukanmu. A karanta shi tare a ƙungiyar manoma, ko a taron matasa da na zumuntar mata.

1. Iskoki biyu ne suke raba mana shekara

Ta fari ita ce iskar hunturu. Daga hamadar Sahara take tasowa, ta arewa maso gabas. Busasshiya ce, ƙura take ɗauke da ita, shi ya sa leɓe da kaushi suke tsagewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ta biyu ita ce iskar damina. Tana tasowa daga Tekun Atilantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da tururin da rana ta ɗebo daga teku. Da bazara ƙasa tana yin zafi fiye da teku. Iska mai zafi ta kan ƙasa sai ta yi sama, iskar teku kuma ta kwararo ta cike gurbinta.

Akwai iyaka inda iskokin nan biyu suke karo. Iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku. Daga nan sai ta riƙa hawowa arewa, har ta kai bakin hamada a watan Agusta, sa'an nan ta juya. Shi ya sa Fatakwal take samun ruwa kafin Kaduna, Kaduna kafin Katsina, Katsina kafin Agadas. A Kaduna damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwa wajen milimita 1,200 a shekara.

Mu lura da wannan: da farkon damina iyakar takan matso, ta sake ja da baya. Ruwan fari yakan sauka, sa'an nan a yi mako biyu ko uku ba ɗigo. Nan ne manomi da yawa yake asarar iri.

2. Dalilin da hadari yake tasowa ta gabas

Iskar damina ƙasa-ƙasa take bi. Amma can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Idan iskar teku mai laima ta hau sama ta zama gajimare, wannan iska ta sama ce take tura shi yamma. Wato kudu ce take kawo ruwan, gabas kuma take koro hadarin.

Hadarin yakan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Kafin ruwa ya sauka, iska mai sanyi takan faɗo daga cikin gajimaren ta riga shi isowa. Ita ce mai yaye kwano, mai kwantar da masara. Tuddai irin na Jos da na Darfur a Sudan suna taimaka wa hadari ya haɗu.

Iskar saman nan ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar tafiyar maciji. Kowace lanƙwasa takan wuce ta kanmu bayan kwana 3 zuwa 5. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mukan ga an yi ruwa kwana biyu, a ɗauke, sa'an nan a dawo.

3. Idan hadarin ƙasarmu ya shiga teku

Lanƙwasar da ta wuce mu ba ta tsayawa. Takan ratsa Burkina Faso da Mali, ta fita teku ta wajen Senegal da Gini. Kimanin 60 suke fita haka kowace shekara, kuma yawancinsu a hanya suke mutuwa. Amma idan ɗumin ruwan teku ya kai digiri 26 zuwa 27, wata takan sha tururi ta ƙoshi, ta fara juyawa kamar guguwa. Idan gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, ta zama mahaukaciyar guguwar teku. Masana sun lissafa cewa wajen kashi 85 cikin 100 na mafi ƙarfin guguwoyin Atilantika daga Afirka suke samo asali.

Irin wannan guguwa tana tayar da igiyar ruwa mai tsawon bene, tana kuma tura teku ta hau kan tudu. A ƙarshen Agusta 2015 guguwar da aka sa wa suna Fred ta bugi tsibiran Kef Bad. Igiyarta ta lalata gidaje da kwale-kwalen masunta a gaɓar Senegal. A 2017 wata mai suna Irma ta bar gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen Agusta. Da ta ƙetare teku, iskarta ta kai kilomita 285 a awa, ta lalata kusan dukan gine-ginen tsibirin Barbuda, ta kai har jihar Fulorida a Amurka.

Irin wannan guguwa ba ta zuwa Kaduna, don ba ta rayuwa sai a kan teku mai ɗumi, kuma yamma take nufa. Namu haɗarin shi ne iskar gaban hadari, da ambaliya, da fari.

4. Yadda teku take juya daminarmu

Daga Yuni zuwa Satumba, iska takan janye ruwan saman teku a kudu da mu, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa. Ruwan nan yana ɗauke da abincin kifi. Shi ya sa wannan lokaci ne kakar masuntan Gana da Kodebuwa.

Sanyin tekun yana da amfani a gare mu. Idan teku ta yi sanyi, hamada kuma tana da zafi, iskar damina takan ƙara ƙarfi ta tura ruwa can arewa. Abin da ya sa ke nan a watan Agusta mu muna cikin marka, mutanen Legas da Ibadan kuwa ruwa ya ɗan ɗauke musu.

Idan kuwa tekun kudu ta ƙi yin sanyi, ruwa yakan maƙale a gaɓa, arewa ta bushe. Haka ya faru a 1984, shekarar da ta kasance cikin mafi munin fari a yankin Sahel. Dattawanmu suna tune da ita, da kuma yunwar 1973, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka baro arewa neman abinci. Bincike ya nuna cewa canjin ɗumin tekuna yana cikin manyan dalilan farin shekarun nan.

Akwai kuma shekarun da ruwa yake yin yawa. A 2003 Kogin Kaduna ya cika ya shiga unguwannin bakin kogi a cikin gari. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun wuce 600. Mu tuna, Kogin Kaduna daga tudun Jos yake tasowa. Yana iya cika ko da ba a yi ruwa a ƙauyenmu ba.

5. Abin da ya kamata mu yi

Tun da teku a hankali take canza ɗuminta, ana iya auna ta a yi hasashen damina tun ba ta faɗi ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashe a farkon shekara: lokacin faɗuwar damina, tsawonta, da inda za a yi tsaikon ruwa. Hukumar NIHSA kuma takan faɗi wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Hasashe ba alkawari ba ne, amma ya fi shuka da ka.

(a) Mu zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa bin hasashen a rediyo ko wurin malamin gona, ya sanar da jama'a.
(b) Kada mu zuba dukan iri a ruwan fari. Mu tona mu ga laima ta shiga ƙasa sosai, mu kuma ajiye irin sake shuka.
(c) Idan an ce damina gajeriya ce, mu nemi iri mai saurin nuna.
(d) Tun watan Maris mu duba ƙusoshin kwano da katakon rufi, mu yashe magudanan ruwa.
(e) Idan ana tsawa, kada mu fake a gindin itace. Kada yara su ƙetare rafi bayan ruwa.
(f) Masu gida ko rumbu kusa da kogi su san tudun da za su koma tun kafin Agusta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A shekaru biyar da suka wuce, sau nawa muka sake shuka saboda ruwan fari ya yaudare mu?
2. Waɗanne alamu dattawanmu suke dubawa kafin shuka? Sun yi daidai da abin da muka koya?
3. Gidaje nawa ne a ƙauyenmu suke kan hanyar ruwa? Gwauraye da tsofaffi nawa ne a ciki, kuma wa zai taimake su?

Allah ya ba mu damina mai albarka.