Yadda ake yawon kwalekwale a Tafkin Bolta a ƙarshen mako

Mai son ganin Tafkin Bolta na ƙasar Gana hanya biyu gare shi. Mai sauƙin ita ce ya je Akosombo ya hau babban jirgin shaƙatawa zuwa tsibirin Dodi, ga kiɗa ga abinci. Ba laifi, sai dai kuɗinsa a cikin jirgin zai tsaya. Ni ta biyun nake nuna wa mutane: sammako ranar Juma'a zuwa Dambai, a haye kogin Oti a jirgin fito, a kwana Kete Karachi.

Bahaushe ba ya baƙunta a garin nan, don a zango Hausa ake yi. Nan Alhaji Umaru, babban malamin da aka haifa a Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Yawancin tsohon garin da ya sani yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 aka tashi mutane kusan 80,000 daga gidajensu.

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar sai ka gangara bakin ruwa. Yi ciniki da mai jirgin da kansa, kada ka bi ta dillali, ku yanke inda za a je da lokacin dawowa. Leƙa ka ga rigar ceto ta kowa da kowa, da jarkar mai ta ajiya, da filafili ko da inji zai mutu. In ka ga ƙaramin yaro ne ke aikin jirgin, nemi wani. Tafkin nan ya daɗe da matsalar sa yara nutso su kwance koma, kada kuɗin baƙo ya ƙara mata ƙarfi.

Da an bar gaɓa, aikin ya koma hannun mutumin da ke tsaye a goshin jirgi da doguwar gora. Dalili kuwa, da ruwa ya malale ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ba a sare dajin ba. Itatuwan suna nan a tsaye, masu taurin cikinsu har yau ba su ruɓe ba. Wanda ya fito fili ba shi ne abin tsoro ba. Mugun shi ne kututturen da ruwa ya rufe da taƙi ɗaya, musamman wajen Oktoba da Nuwamba da tafki ke cika.

Na goshi fuskar ruwa yake karantawa. Inda igiyar ruwa ta karye ta yi ɗan zobe, akwai abu a ƙasa. Inda tsuntsu ya tsaya cak a tsakiyar tafki, kan itace yake. Wani wurin masunta sun ɗaura tsohuwar jarka don alama. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, sai hannu: ya nuna dama, ya nuna hagu, ya saukar da tafi matuƙi ya rage wuta, wani lokaci har ya ɗaga injin don kada farfela ta bugu. Ganin mutum biyu suna ratsa kurmin da ido ba ya gani, ba wanda ya ce uffan, abu ne da ke sa na girmama sana'ar nan. Akasarinsu 'ya'yan masuntan Ewe da Ada ne da suka biyo kifi daga kudu bayan tafkin ya cika, a jirgin iyayensu suka koya.

In jirgi ya hau kututture, kada kowa ya miƙe. Za a kashe inji, matuƙi ya sa mutane su matsa baya ɗaya bayan ɗaya har goshi ya yi sauƙi, sannan a tunkuɗa da gora. Sau da yawa ruɗewar fasinja, su ruga gefe guda, ita ke kifar da jirgi, ga kuma lodin da ya wuce kima.

Da kun sauka a ƙauyen masunta, a fara gaida mai gari, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Sayi karfasa ko tarwaɗa a hannun matan da ke banda, a gasa maka ka ci da banku. Ledar ruwa da robar lemo kuwa a jakarka za su koma, don duk abin da aka yar a nan cikin komar wani zai ƙare.

A juyo kafin la'asar, don iskar yamma kan taso babu sallama, balle a farkon damina. Lahadi ta hanyar gida ce. Idan ka zo biya, ba mai jirgi abin da kuka yi, sannan ka nemi na goshi ka danƙa masa nasa a hannunsa.