Lissafin Riba a Turkar Raguna

Manomi kan turke rago wata 3 kafin Babbar Sallah, ya sayar, ya ɗauka duk abin da ya hau kan kuɗin saye riba ce. Wannan kuskure ne. Harawa da dusar da ragon ya ci suna da farashi a kasuwa, ko da daga gonarsa suka fito. A 2025 Sallar ta faɗo a watan Yuni, wato an yi turkar a ƙarshen rani, lokacin tsadar harawa.

A tanadi littafi, a riƙa rubuta kuɗin kowane dami ranar da aka kwance shi, da na maganin tsutsar ciki, kanwa da la'adar dillali. Takin turke kuwa a lissafa shi cikin samu. Malamin gona ya duba littafin kafin a sayo wani ragon.