Koko ko Waakye? Yadda Muka Koya wa Ƙannenmu Rubuta Ra'ayi



A bana Malam ya ɗora mana, mu 'yan babban aji, nauyin zama da yaran aji 2 da aji 3 kowace Asabar bayan hadda, mu taya su koyon insha'i. Ranar farko muka ce kowa ya rubuta abin da ya fi so a Nima. Shiru kake ji. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, ku rubuta amsar a allo mu kwafa." Ba laifinta ba ne, mu ma haka muka taso. Hadda tana da wurinta, domin Alƙur'ani ba a ƙara masa ba a rage masa. Amma yaron da bai iya komai ba sai kwafa, ranar da aka ce masa "kai me ka gani?" zai tsaya yana kallon ƙasa.

Da Asabar ta zagayo sai muka canza tambaya: da safe, koko da ƙosai ko waakye? Wallahi sai da muka roƙe su su zauna. Yaran da suka rasa abin cewa, ga su kowa da bakinsa.

Abu na farko da muka koya musu shi ne raba labari da ra'ayi. "Da gero ake dama koko" labari ne, mai koko ta bakin masallaci za ta tabbatar maka. "Karan dafi ne yake sa waakye ya yi ja" shi ma labari ne, wanda bai yarda ba ya je Kasuwar Mamudu ranar Laraba ya gan shi a ɗaure. Amma "koko ya fi waakye" ra'ayi ne, babu kasuwar da za a je a auno shi. Mun karanto jimloli, in labari ne su tafa, in ra'ayi ne su miƙe. Wannan bai ba su wuya ba.

Inda aka sha fama shi ne dalili. A darasin fiƙihu an koya mana cewa da'awa ba ta tsayawa sai da hujja, to wannan muka sauko da shi daidai tsayinsu. Duk wanda ya ce "na fi son kaza" sai ya biyo da "saboda", wato li'anna ɗin da suka sani a Larabci. Kusan duk ajin suka rubuta "saboda yana da daɗi". Muka hana wannan amsa, domin mai koko da mai waakye duk za su iya faɗinta, ba ta raba gardama. Muka ce su tuna harshe, da ciki, da aljihu. Sai ga abubuwa sun fara fitowa. Wani ya rubuta: "Na fi son waakye saboda in na ci da gari da taliya ba na jin yunwa har azahar." Wata ta ce koko, saboda yajin citta yana kore mata barci bayan asuba, kuma kuɗin da Mama take ba ta yana isa har da ƙosai. Ku dubi wannan, hujja biyu a jimla ɗaya, daga yarinyar da ta ce mu rubuta mata a allo!

Sai dai mun yi kuskure guda. Mun buɗe ƙofa kowa ya kawo abincin gidansu, ba mu kafa doka ba. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, aka kawo tubani, wata daga Mamobi ta kawo dokunu da shito. Wani yaro ya miƙe ya karanta cewa dokunu yana da tsami, kuma ba abincin Musulmi ba ne. Yarinyar, wadda mahaifiyarta 'yar ƙabilar Ga ce, ta kifa kai a benci tana kuka. A zango irin namu, inda Bahaushe, Dagomba, Bazabarme da Kotokoli suke layin koko ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Malam ne ya fitar da mu. Ya tuna mana hadisin damo da ke cikin Bukhari da Muslim: an kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya nuna masa ba haramun ba ne, kawai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya ci a gabansa. Abu Huraira kuma ya ruwaito cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ashe "ba na so" daban, "haramun ne" daban. Na farko kowa yana da ikon faɗa, na biyu sai da nassi. Dokunu kuwa masara ce da aka bari ta yi tsami, kamar yadda ake barin ƙullun koko.

Yaron ya sake rubuta nasa: bai saba da dokunu ba, ya fi son tuwo saboda laushinsa. Ita kuma ta cika shafi guda a kan dokunu da soyayyen kifi, yana nan manne a bangon ajinsu.

Iyayenmu, roƙonmu kaɗan ne. In yaro ya ce ya fi son masa a kan pinkaso, kada a ce masa "ci ka yi shiru", a tambaye shi "don me?" kuma a jira amsar. Mun riga mun ba su tambayar zango mai zuwa: a buɗa-baki, fura ko burkina?