Gonar Maiyama ta tafi, digirin bogi ya rage

Da jakar leda Alhaji ya shigo ofishina a Birnin Kebbi, cike da takardu. Dillalin albasa ne daga Aliero, ya fi shekara 20 yana loda tirela zuwa Legas da Anaca. Ya turo mini wasiƙar USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ya ce, "Barista, duba mini wagga takarda. An ce mini saura biza kawai."

Takardar ƙin amincewa ce. An yi watsi da fom ɗinsa na I-140, na neman zama a Amurka, wata huɗu da suka wuce, ejan ɗinsa kuma ya sani, ya yi gum.

A wajen ɗaurin aure a Jega aka haɗa shi da ejan. Mutumin ya ce masa Amurka tana da hanyar da ake kira NIW, ba sai kamfani ya ɗauke ka aiki ba, kai za ka nema wa kanka. Wannan kam gaskiya ne, a kansa kuma aka ɗora ƙaryar. Alhaji ya sayar da gonarsa ta fadama a Maiyama, ya fitar da albasar da ya adana yana jiran ta yi tsada, ya karyar da ita. Sau uku ya tura kuɗi, ba rasit ko ɗaya.

Na zazzage jakar. Ga digiri na biyu a fannin noma da sunansa, daga jami'ar da bai taɓa taka ƙofarta ba. Alhaji a sakandare ya tsaya. Ga wasiƙun shaida biyar daga wai farfesoshi, duk kuskuren rubutunsu iri ɗaya. Ga tsarin kasuwanci shafi 40 da aka kwafo daga intanet, a ciki har an manta ba a goge sunan wani gari na Indiya ba. A ƙasan fom kuwa sa hannunsa ne raɗau. Na ce, "Alhaji, ka karanta kafin ka sa hannu?" Ya ce, "Ai rantse mini ya yi da Allah."

Wallahi raina ya ɓaci, da ejan da shi kansa Alhajin. Mutumin da ba ya karɓar buhu sai ya zura hannu ya taɓa albasar ƙasa, shi ne ya miƙa gona a kan rantsuwa.

Kafin a zo maganar NIW sai ka cancanci rukunin biza na EB-2 tukuna: digiri na biyu, ko na farko da shekara biyar na aiki a fannin. In babu, sai ka kawo aƙalla uku cikin hujjoji shida na ƙwarewa ta musamman, irin su shaidar shekara goma a sana'a da lasisi da zama ɗan ƙungiyar ƙwararru. Sannan ka fuskanci sharuɗɗa uku na hukuncin Dhanasar na Disamba 2016: aikin yana da ƙima da muhimmanci ga ƙasar baki ɗaya, kai ne ka dace ka ciyar da shi gaba, kuma Amurka za ta fi amfana in ta yafe maka sharaɗin samun aiki. A na farkon yawancin 'yan kasuwa ke faɗuwa. Buɗe shago a Hustin da ɗaukar yara uku ba muhimmancin ƙasa ba ne, ko da shagon yana kawo riba. Kuɗin da ke asusunka ma ba ya cikin ma'aunin. Hanyar masu zuba jari daban take, EB-5, tana farawa daga dala 800,000.

Da ƙi kawai aka yi, da sauƙi, ana sake nema. Amma takardar bogi da aka gabatar da gangan tana iya jawo haramcin shiga Amurka har abada, kuma wanda ya sa hannu ake kamawa. Ba ejan ba. Wanda ya sa hannu.

Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Duk wanda ya ba ka garanti maƙaryaci ne, domin jami'in da ke duba fayil yana da damar ƙi ko takardunka sun cika. Kuɗin fom dala 715 ne tun Afrilu 2024, da ƙarin 300 ga mai nema wa kansa, don haka tambayi ina sauran miliyoyin za su. Ka karɓi lambar fayil ka riƙa dubawa da kanka. Masu tallar cacar biza su ma a guje su, an cire Nijeriya daga cikinta fiye da shekara goma. Ko an amince da I-140, biza wata magana ce: a 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, aka ɗage a 2021, aka sake sanya takunkumi a Disamba 2025. Na sake faɗa, kada ka sa hannu.

Da zai tashi ya ce, "Barista, to gonar fa?" Na rubuta masa ƙorafi zuwa EFCC, na gaya masa kada ya sa rai sosai, don lambar ejan a kashe take. Bana wani ne ya dasa albasa a fadamar, Alhaji kuwa da bashi ya loda tirelarsa ta farko.