Baƙo a Birnin Shehu: Abin da Ya Kamata Mai Zuwa Sakkwato Ya Sani

DARASIN WANNAN WATA

Da an gama girbi, sai hanyar birni ta cika. Wani ya ɗauko albasa, wani ya koro akuya, wani ya kawo mara lafiya asibiti. Wani kuma ziyara ce kawai ta kawo shi, don ya ga Hubbare ya yi addu'a. Duk waɗannan baƙi ne a Sakkwato.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma baƙon da ya koyi karatu da rubutu da lissafi ya rage makanta. Zai karanta allon hanya da kansa. Zai duba rasit da kansa. Zai ƙirga kuɗinsa da kansa. Darasin wannan wata zai yi bayani a kan birnin Sakkwato, da yadda mutumin karkara zai shiga ya fito lafiya, da kuɗinsa da mutuncinsa.

TARIHIN GARIN A TAƘAICE

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir. Ya daɗe yana karantarwa a Degel. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, daga nan jihadi ya fara. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya gina Sakkwato, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu.

Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815. A nan Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Wannan ne ya sa ake ce wa garin Birnin Shehu. Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi har zuwa 1837. Kabarinsa yana Wurno.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawan Ingila suka yi yaƙi da mutanen Sakkwato a filin Giginya, suka ci garin. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'arsa. An kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na shekarar.

A 1967 Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato. Daga cikinta aka fitar da Jihar Kebbi a 1991, da Jihar Zamfara a 1996. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomi 23.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Tafiya mai kyau daga gida take farawa. Kafin mutum ya tashi, ya kamata ya yi abubuwa biyar.

1. Ya san abin da zai kai shi. Ya rubuta duk abin da zai saya ko zai sayar a takarda.
2. Ya rubuta sunan unguwar da zai sauka da lambar wayar mai masaukinsa. A Sakkwato ana ce wa unguwa shiya.
3. Ya ɗauki katin ɗan ƙasa ko wata takardar shaida. Ana tambayarta a banki da ofis, wani lokaci har a kan hanya.
4. Ya raba kuɗinsa gida biyu. Kuɗin mota da abinci a aljihu ɗaya, sauran a wuri mai tsaro.
5. Ya gaya wa iyalinsa ranar da zai dawo.

HANYOYIN SHIGA GARI

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Titin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya. Saboda haka mota ce abin hawan mafi yawan baƙi. Akwai filin jirgin sama mai sunan Sarkin Musulmi Abubakar na uku, inda maniyyata suke tashi zuwa aikin hajji.

Manyan hanyoyin mota su ne waɗannan. Hanyar Gusau, mai nisan kimanin kilomita 200, ita ce ta wuce Funtuwa da Zariya. Hanyar Argungu, kimanin kilomita 100, ita ce ta kai Birnin Kebbi. Hanyar Tambuwal ta bi ta Jega zuwa Yawuri. Hanyar Illela, mai nisan fiye da kilomita 80, ta kai bakin iyakar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Sai kuma hanyar Wurno da Goronyo.

Matafiyi ya shiga mota a cikin tasha. Motar tasha an san direbanta, an san lambarta. Idan an manta kaya, akwai wurin cigiya. Motar bakin hanya kuwa ba mai shaidarta. Kuma tun da ɓarayin daji suka addabi wasu hanyoyi, musamman a gabashin jihar, tafiyar rana ta fi. A yi sammako, a isa da wuri. Kafin a tashi a tambayi direbobi labarin hanya.

A cikin gari ana hawan kabu-kabu ko keke mai ƙafa uku. A yi ciniki kafin a hau. A faɗi sunan wurin sosai. Sunayen tsofaffin ƙofofin gari suna taimakon baƙo, domin har yanzu da su ake kwatance. Akwai Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kade da Ƙofar Dundaye. Wanda ya rikice ya tambayi mai shago ko dattijo. Matambayi ba ya ɓata.

KASUWANNI DA SANA'O'I

Kowane kaya da kasuwarsa. Babbar Kasuwa, wadda wasu ke kira Sabuwar Kasuwa, ta tara yadi da takalma da kwanuka da kayan aure. Tsohuwar Kasuwa tana cikin tsohon gari. Kara ita ce wurin dabbobi. Kasuwar Daji kuma wurin nama ne da kayan miya.

Ƙasar Sakkwato ta yi suna wajen albasa da shinkafar fadama da kuma fata. Fatar jar akuyar Sakkwato tana da laushi da ƙarko. Tun zamanin da, fatake suna ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka. Daga can take shiga ƙasashen Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali kuwa daga ƙasar Hausa ta fito. Wannan ya nuna wa makiyayi darajar abin da ke hannunsa. Fatar da wuƙa ta huda wajen fiɗa kuɗinta yana faɗuwa. A gefen gari kuma, a Kalambaina, akwai masana'antar siminti wadda ta fara aiki a 1967.

LABARIN MANOMI DA BUHU 12

Ga misali. Kuɗin da ke cikinsa na koyon lissafi ne kawai, domin farashi yana hawa yana sauka.

Wani manomi ya yi shekara biyu yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ya kawo albasa buhu 12 birni, tare da ɗansa. Noman raninsa ke nan gaba ɗaya. Da kuɗin zai biya bashin taki, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki.

Dillali ya kawo mai saye. Aka yi ciniki, aka daidaita a kan Naira 40,000 kowane buhu. Mai saye ya rubuta jimla a takarda, ya miƙa wa manomi. Ya ce, "Baba, ga lissafinka. Sa hannu mu sallame ka."

Manomi bai yi gaggawa ba. Ya fito da fensirinsa, ya buga 40,000 sau 12. Ya sami 480,000. Ya duba takarda, sai ya ga an rubuta 408,000.

Ya ce, "Alhaji, a sake dubawa. Takwas ɗin nan da sifirin sun yi musayar wuri."

Mai saye ya duba. Ya ce, "Wallahi gaskiyarka, Baba. Kuskuren hannu ne. Yi haƙuri." Ya gyara.

Ko kuskure ne, ko ba kuskure ba ne, Allah ya sani. Abin da aka sani shi ne bambancin ya kai Naira 72,000. Wato kusan kuɗin buhu biyu.

Daga nan mai saye ya ce zai tura kuɗin ta waya. Ya nuna tasa wayar, ya ce ya tura. Ɗan manomi ya ce, "Baba, mu tafi, rana tana yi." Manomi ya ce, "A'a, ɗana. Sai na ga saƙon banki a tawa wayar, na duba abin da ke cikin asusuna." Suka zauna a inuwa. Da kuɗin suka shiga, sannan ya bari aka ɗora albasa a mota.

Da yamma ya rubuta abin da ya kashe. Kuɗin motar kaya 24,000. La'adar dillali 12,000. 'Yan dako 6,000. Abinci da kuɗin motarsu 8,000. Jimla 50,000. Ya cire daga 480,000, ya ga saura 430,000. Abin da zai kai gida ke nan.

WURAREN ZIYARA

Idan an gama ciniki, yana da kyau baƙo ya ga gari. Gani ya kori ji.

Hubbare. Nan ne kabarin Shehu Usmanu, a cikin tsohon gari. Mutane suna zuwa daga ko'ina a Nijeriya, har daga Nijar da sauran ƙasashe. Mai ziyara ya shiga da ladabi, ya rage murya, ya bi abin da masu kula da wurin suka ce, ya yi wa mamata addu'a.

A nan kuma aka binne 'yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ita ta shirya 'yan taru. Su ne matan ƙauyuka da suke zuwa ɗaukar karatu a ƙarƙashin shugabarsu, jaji, su koma su koyar da 'yan uwansu. Macen da take zuwa ajin manya a yau, sawun waɗannan mata take bi.

Fadar Sarkin Musulmi. Ba ta da nisa da Masallacin Shehu da Masallacin Bello. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Bayansa aka yi Ibrahim Dasuƙi, sannan Muhammadu Macciɗo. Muhammadu Sa'ad Abubakar ya hau gadon a 2006.

Gidan tarihi na Waziri Junaidu. An ba shi sunan babban malami, Wazirin Sakkwato, wanda ya rasu a 1997. Ana ajiye tsofaffin littattafan hannu da wasiƙu da kayan yaƙi na da a cikinsa.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An kafa ta a 1975. Uban da ya zo da yaro ya nuna masa ita, ya gaya masa 'ya'yan manoma da yawa sun yi karatu a nan.

MAI ZUWA ASIBITI KO OFIS

A birnin akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha. Akwai kuma asibitin yara masu ciwon noma, ciwon da ke cin baki da fuska. Mai kawo mara lafiya ya zo da sassafe. Ya riƙo takardar da asibitin garinsu ya ba shi, da tsohon kati, da kwalayen magungunan da aka sha. Ya biya kuɗi a wurin biya kawai, ya karɓi rasit. Kafin ya fita ya tambaya sau nawa za a sha magani a rana, ya rubuta. Ya rubuta ranar dawowa.

Mai zuwa ofis ya tuna ba a aiki Asabar da Lahadi. Ranar Juma'a kuma ana tashi da wuri. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba.

KULA DA LAFIYA

Sakkwato gari ne mai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40. A lokacin a yawaita shan ruwa mai tsabta, a nemi inuwa da tsakar rana. Kada a cunkusu a ɗaki marar taga, domin lokacin sanƙarau ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, sai a riƙo bargo. A ci abinci mai zafi, a guji wanda ƙuda ya sauka a kai. Wajen tsallaka titi a duba dama da hagu, a riƙe hannun yaro.

Tafiya mabuɗin ilimi ce. Wanda ya dawo ya zauna da 'yan ajinsu, ya ba su labarin farashi da hanya da abin da ya gani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da riba.

TAMBAYOYI

1. Wane ne ya gina Sakkwato, kuma a wace shekara?
2. A rubuta sunayen ƙofofin gari guda huɗu.
3. Me ya sa shiga mota a tasha ya fi shiga a bakin hanya?
4. Su wane ne 'yan taru?
5. Mene ne bambanci tsakanin 480,000 da 408,000?
6. Idan buhu ɗaya Naira 40,000 ne, nawa ne kuɗin buhu 7?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta abubuwa biyar da zai saya idan ya je birni, da kuɗin kowanne, ya haɗa jimla. A kawo wa malami ya duba a aji na gaba.